Abin da Na Kasa Faɗa wa Baba a Gaban Likita

Assalamu alaikum, Anti mai gabatarwa. Daga Wuro Patuji nake rubutowa, don Allah a bar sunana.

Babana tela ne. An gwada bayan gidansa a asibiti, aka ga jini. Likitan ɗan bautar ƙasa ne, ba ya jin Hausa, sai na zama tafinta da ɗan Turancina na firamare. Ya ce ba lallai ne ciwon daji ba, amma sai an je Yola an duba hanjin da kyamara. Ya zana mini inda za a shigar da ita.

Baba ya ce, "Uwata, me ya ce?"

Anti, sunan mahaifiyarsa gare ni. Da wane baki zan faɗa masa? Sai na fashe da kuka. Ya gyara hularsa ya ce, "Na gane. Tashi mu tafi."

Wallahi bai gane ba, ya ɗauka mutuwa aka ce. Ya daina karɓar ɗinki, ya ba ƙaninsa keken ɗinkinsa, kullum ramewa yake. Mahaifiyata ta rasu, ba ni da wanda zan aika ya faɗa masa. In na zo faɗa, sai kunya ta hana ni.

Ba ya barin shirin nan ya wuce shi. Don Allah ki karanta a hankali: Baba, gwaji ne kawai. Ta dubura ake saka kyamarar. Abin da ya sa ni kuka ke nan.

Na san halinsa, zai iya cewa gara kabari. Masu sauraro, in ya ƙi, yaya zan yi? Ko abincinsa ban san da wane ido zan kai masa yau ba.