Dutsen Niƙan Inna Dije

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Yawancinku kun san ni, Ishaya direba, mijin Rahila, mai zama a bencin baya kusa da ƙofa. Fasto ma ya san dalili: da an fara addu'ar rufewa nake sulalewa. Ni mutum ne da ya yarda da damtsensa da ƙarfen motarsa. In Rahila ta ce mu yi addu'a kafin in kama hanya, sai in ce ta yi mana ta mu biyu, inji ya riga ya yi zafi.

Bayan girbin bara na ɗauko wake daga kasuwar Urafane zan kai Tasawa. Kamiyo, wato babbar mota, cike maƙil, mai kayan, Alhaji Mamman, yana gefena yana ta ƙorafin rana. Kun san hanyar nan, rairayi ne zalla. Dab da wani ƙauye tayar baya ta fashe.

Na fiddo kirik ɗina na mai, wanda ƴan Katsina ke ce wa jak. A ƙasarmu ba a kafa kirik a kan rairayi haka nan, sai an shimfiɗa masa katako. Nawa katakon ya yi damina a jingine bayan ɗaki. A ido lafiyarsa lau, ashe gara ta cinye cikinsa ta bar mini ɓawo. Na shimfiɗa shi, na ɗaga mota, na cire taya, sai na hangi mai yana ɗiga daga bututun birki. Na kwanta rigingine na shige ƙasa in duba.

Wata ƴar ƙara kawai na ji daga katakon, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Sai ga ƙarfen mota a kan ƙirjina.

Ƴan'uwa, da a kan kwalta ne da yau Rahila ke tsaye a nan ita kaɗai! Rairayi ne ya ɗan lotsa ya ba ni wuri. Amma numfashi ya zama sai ɗan kaɗan, kuma duk wanda na fitar, motar sai ta bi ta zauna a wurinsa.

Na ji Alhaji yana ihu, na ga ƙafafun mutane suna taruwa. Ƙafafu kawai nake gani, wasu da takalma, wasu babu. Wani buhu ya yage, wake yana zuba a kan ƙarfe, a kunnena sai ya zama ruwan farko a kan kwano. Zafin ya fara nisa da ni. Na ga gonarmu ta ƙuruciya, gero ya yi kore shar har ya fi ni tsayi, iska tana kaɗa shi a hankali. Can ƙarshen kunya ga mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa, tana tafe da ƙwaryar fura a ka, ba ta sauri, ba ta waiwaye. Wani barci mai daɗi ya kama ni. Wallahi, ku yi mini gafara, bakin direba ne, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so barcin nan ba.

Daga nesa na ji Alhaji yana cewa, "Ilu, taho da naka! Maza, mutum na mutuwa!"

Ilu shi ne maƙerin ƙauyen. Yana da wani tsohon kirik mai haƙora da yake ɗaga amalanke da shi. Ana danna hannunsa yana ƙas, ƙas, haƙorin da ya hau kuwa ba ya komawa. Suka kafa shi kusa da kaina. Ƙas, ƙas, ƙas. Ina jira in ji sauƙi, shiru. Ashe gindinsa ne ke nutsewa cikin rairayi, mota ko motsi ba ta yi ba.

Ilu ya ce, "Ƙasa ce ka shanye shi. Ku samo mani abu mai tauri!"

Aka kawo murfin tukunya, ya lanƙwashe. Aka kawo guntun icce, ya tsage. Ina za a sami dutse a ƙasar da yaro zai girma bai taɓa tuntuɓe da shi ba?

Nan ne na tuna da addu'a, ni da ban iya ta ba, ga shi ba iskar da zan yi ta da ita. A zuci na ce, "Yesu, nawa numfashin ya ƙare. Ara mini naka."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani, na ji akwai wani kwance a gefena cikin rairayin nan, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Yana jan numfashi a hankali, ni kuma ina bin sa. In ya ja, in ja. In ya saki, in saki. Gonar ta yi ta dushewa, na daina hango mahaifiyata, na ji baƙin cikin haka ƙwarai. Amma wanda ke gefena bai matsa ba.

Sai na ji muryar wata tsohuwa: "Ku kauce mani! Kun tsaya kuna kallon ƙarhe, ɗan mutane na ƙarƙashi."

Inna Dije ce, daga baya na san sunanta. Ita da surukarta sun jawo dutsen niƙanta a kan tsohuwar fata tun daga cikin gida. Shi kaɗai ne dutse a unguwar. Ilu ya haƙe rairayi, ya kwantar da dutsen, ya ɗora kirik. Alhaji ya ce bismillahi, kowa ya amsa.

Ƙas. Na ji ƙarfe ya yi nishi. Ƙas. Iska ta shiga ƙirjina kamar ruwan randa. Haleluya! Haƙori bayan haƙori motar tana tashi, har wasu hannuwa suka kama ƙafafuna suka fizgo ni waje. Kaina na fitowa, dutsen ya tsage biyu, kamiyo ya zauna daram a gurbin da na bari.

Na yi makonni a gidan likita a Tasawa, haƙarƙarina a karye, Rahila tana jinyata tana kuka tana yi mini faɗa a lokaci guda. Da na warke muka koma ƙauyen da sabon dutse. Na durƙusa na ce, "Inna, na ji an ce na gado ne na sa kika rasa."

Ta ce, "Tashi, ɗana. Uwata ta yi niƙa bisanshi, kakata ma haka. Muna tsammani don gari anka sassaƙo shi, ashe kai ya ka jira."

Na yi kuka a gaban matan ƙauye, ban ji kunya ba.

Ƴan'uwa, tun ba a haife ni ba Allah ya ajiye dutsen nan a gidan baiwarsa, a bakin hanyar da zan bi. Na gode masa, na gode wa Yesu da ya kwanta tare da ni a inda ba mai iya shiga. Kai da kaya ya danne a yau, ko da kalma ɗaya ta rage maka, kira shi da ita. Ya riga ka isa wurin. Amin.