Shafukan da Musbahu Ya Bari

Muna zaune a tashar Anka muna jiran mota ta cika, wata mata kusa da ni tana ta latsa waya. Wani dattijo mai jakar takardu ya leƙo.

"Baiwar Allah, mi ya samu wagga waya?"

"Nauyi take yi, Malam. Da na shiga intanet sai ta tsaya cik."

"Kawo in gani. Kai! Shafi arba'in da ɗaya a buɗe? Ai dole ta yi nauyi. Wanda aka gama da shi rufewa ake yi, a share tarihin binciken. Wanda ake so kuma a danna tauraron nan, ya adana shi."

"Ni ban iya ba. Wayar maigidana ce, Musbahu. Shi ya buɗe su."

"Gubar dalma, jijjigar yara, gubar dalma kuma. Likita ne?"

"Haƙar zinari yake yi a Bagega. Lokacin da ɗiyarmu ta kwanta ne yake ta neman magani. Ta rasu da wata biyar rami ya rufta da shi. Bokona bai yi nisa ba, amma kullum nakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in ga inda hannunshi ya bi. Kar ka taɓa su don Allah, saurin kawai nake so."

Dattijon ya janye yatsansa daga kan wayar.

"Malam?"

Ya miƙa mata, bai kalle ta ba. Ta duba, ta ja sama, ta ja ƙasa, babu shafi ko ɗaya.

"Awo," ta ce a hankali. "Yanzu kam tana sauri."