Ƙululun Dasashi

A inuwar bangon gidan lokotoro, wato likitan Nasara, a Damagaram, wata mata ta tofar da jini. Wani tsoho da ke zaune gefe ya dube ta.

"Sannu, 'yar nan. Haƙori ne?"

"Ina ma haƙori ne, Baba. Wani ƙululu ne jawur a dasashina, kamar ɗan ɓaure. Ko fura na sha sai ya yi jini. Tun daga Dogo na tako."

"Me Nasaran ya ce?"

"Murna ya yi! Tafinta ya ce wai bai taɓa ganin irinsa ba. Ya kira 'yan'uwansa biyu, suka yi ta leƙen bakina kamar masu sayen jaki. Ya zana shi a takarda, sannan ya ce ba zai taɓa shi ba. Gobe wanzami zan nema ya tsage shi in huta."

"Kul! Wannan ba maruru ba ne. Jini ne zalla a ciki."

"Baba, ba a bakinka yake ba."

"Na san wani wanzami a Zango da ya tsaga irinsa. A bakin 'yar cikinsa ne. Ya ce ba zai kai ta wurin Nasara ba, ga aska a zabirarsa. Da hantsi ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar an kai ta kushewa."

"Kai, Allah wadai! Wane irin uba ne wannan? Yana nan da ransa?"

"Yana nan, 'yar nan, ga shi a gabanki. Shekara bakwai ke nan da hannunsa nake cin tuwo."