Suracen Mama da shingen da ke cikin kaina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana.

Har yau in na ji ƙamshin ganyen dogon yaro yana tafasa, ina tuna ranar da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, idona na dama ya soma ganin hazo, tafin ƙafata kamar ina taka auduga.

Mama ta ce sanyi ne ya shige ni. Kullum a gidanmu na Gidan Dahala takan dafa ganye, ta lulluɓe ni da bargo in yi surace, cikin zafin bazarar Sakkwato! Duk fitowata daga bargon sai jikina ya ƙara yi mini nauyi. Amma ina ganin yadda tururi ke ƙona mata yatsu, sai in ce, "Da sauƙi, Mama." Ƙarya nake yi, kuma tafiyata tana ƙarewa.

Wata rana a ƙarƙashin bargon na fashe da kuka. Na ce, "Yesu, ka ba ni bakin faɗin gaskiya ba tare da na karya mata zuciya ba." Na yaye bargon.

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Mama, yana ƙara mini ciwo."

Ta sauke tukunyar, ta ɗauko gyalenta, muka tafi asibiti.

Bayan hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce cutar sunanta MS. Ya ce Allah ya sa shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma akwai wasu 'yan mitsitsin manzanni cikin ƙwayoyin jiki, maikro-RNA, masu taimaka wa shingen ya riƙe. Masana suna ganin a wannan cuta wasunsu kan ragu, shingen ya saki, sojojin jiki su ƙetare su ci rigar jijiyoyi. Zafi kuwa yana tayar da alamun.

Ban rabu da magani ba, amma yau da ƙafata na hau nan. Godiya ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, ku kuma faɗa wa masu ƙaunarku gaskiya.

Sai bara yayata ta gaya mini: washegarin ranar da likita ya faɗi sunan cutar, Mama ta koma asibitin ita kaɗai, ta jira har la'asar, don ta tambayi likita, "Ni na ɓalle mata shingen?" Ya ce a'a. Sai da ya maimaita sau uku sannan ta tashi.