Rumbun Malam Kashim da Kalmomi Huɗun da Suka Rage

Jawabin Malama Salomi Dzarma, sakatariyar Ƙungiyar Iyalan da ke Jiran Nasu, a taron cikar Malam Kashim Modu kwana arba'in da rasuwa, a ƙofar gidansa da ke Jiddari Polo.

Ranka ya daɗe Lawan, Allah ya ja zamaninka. Bulaman unguwa, Allah ya ƙara girma. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Baba Fasto, sannu da zuwa. Yayyen marigayi da ƙannensa da 'ya'yansa, da ƙanwata Ruƙayyatu da ke jin mu daga cikin gida saboda takaba. Iyayena mata da kuka taso tun daga Gamboru a keke cikin wannan rana. Jama'a baki ɗaya, wushe, sannunku da zuwa. Har da baƙin da ban san fuskokinsu ba, waɗanda na hango a layin baya suna ɗaga waya tun kafin in buɗe baki, ku ma sannunku. Ku ɗauka da kyau, don akwai maganarku a ciki.

Ga wanda bai san mu ba, mu iyalai ne ɗari huɗu da 'yan kai, Musulmi da Kirista, kowannenmu yana da wanda ya fita a shekarun tashin hankali bai dawo ba, ba a kuma kawo mana gawarsa ba. Nawa mijina ne, Alfred, da ya kama hanyar Damboa wata safiya. Na Malam Kashim ƙanensa ne. Ta nan muka san shi, ba ta wajen gyaran kwamfuta da yake yi ba.

Da farko sunayen mutanenmu a waya muke tara su, a zaure ɗaya da kowa ke jefa hoto da bayani. Muna ganin mun yi dabara. Sai a mako guda aka kira mata goma sha ɗaya, kowacce ana gaya mata ɗanta yana raye, a shirya fansa. Mai kiran ya san sunan ɗan, ya san tabon da ke goshinsa, ya san launin rigar da ya fita da ita. Akwai wadda ta sayar da awakinta kaf, ta je tasha ta wuni tana jira. Har yau ba mu san wanda ya kwashi bayanan nan ba. Ranar da muka zauna kan maganar, Kashim ya dube ni ya ce, "Yaya Salomi, mu muka shanya kayanmu a bakin titi. Daga yau a ɗaki za mu ajiye." Bayan kwana uku ya zo da wata tsohuwar kwamfuta a ɗaure da igiya, fankarta tana tari kamar mai mura. Ya haɗa mata sola da batir, ya ce duk abin da ya shafi mutanenmu a cikinta zai zauna, ba a injin wani kamfani da ke ƙasar da ba mu taɓa gani ba. Iyayenmu mata suka raɗa mata suna Rumbu.

Ya kasance mutum mai zargi, kuma ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Ya zargi waya, ya zargi mai sayar da waya, ya zargi takardar da aka ce a cike a ba mu shinkafa. Wasu samari masu kirki sun taɓa kawo mana manhaja kyauta, mai kyan gani, suka ce za ta tsara mana komai. Tambaya ɗaya ya yi musu: "Zan iya buɗe cikinta in karanta abin da take yi?" Suka ce wannan sirrin kamfani ne. Ya ce to shi ba ya cin abinci daga tukunyar da aka hana shi ɗaga murfinta, ya raka su har bakin ƙofa da fara'a. Ba ya ɗora wa Rumbu sai manhajar da masu ita suka bar rubutunta a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara. Na sha yi masa tsiya, in ce Kashim, ko ruwan sha sai ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar? Sai ya yi dariya ya ce ai gara a tambaya.

Ya kasance mai haƙuri da tsofaffi. Zai zauna a tabarma da tsohuwa awa biyu tana ba da labarin ɗanta da Kanuri ko Margi ko Larabcin Shuwa, yana naɗar muryarta, ba ya katse ta ko ta koma kan abin da ta riga ta faɗa. In ta gama sai ya tambaye ta: wa kika yarda ya ji wannan? In ta ce babu kowa, to babu kowa, ko ni sakatariya ban isa ba. Wata ta dawo bayan shekara ta ce a goge nata, tsoro take ji. Ya goge a gabanta, ya nuna mata wurin babu komai, bai tambaye ta dalili ba.

Ya kasance mutumin da, ranar da ambaliya ta shanye Gamboru inda yake zaune a lokacin, ya fito da rana tsaka ruwa har ƙirji, ya ɗora Rumbu a ka a nannaɗe cikin ledar tabarma. Talabijin ɗinsa da keken ɗinkin matarsa suna can ciki. Ruƙayyatu, na san kina ji, kuma na san ba ki manta keken nan ba. Mu ma ba mu manta ba. Da yawa daga cikinmu hotunan da muke da su a gida ruwan nan ya cinye su, abin da ya tsira shi ne abin da ke kan Kashim.

Ya kasance kuma mai taurin kai, kuma a nan ne maganar da ta tara mu take. Ya kulle Rumbu ta yadda in an kashe ta aka sake kunnawa, ba za ta buɗe ba sai an rubuta mata jimla mai kalmomi goma sha biyu. Kwafin da ya ajiye a wani wuri ma kullen ɗaya ne. Shi ya san jimlar duka. Don gudun irin wannan rana sai ya raba ta uku. Ya zaunar da ni da Alhaji Sa'id, mai atamfa a Kasuwar Litinin, ga shi can zaune, ya raɗa wa kowannenmu kalmomi huɗu a kunne, ya hana mu rubutawa. Na ce to na ukun fa? Ya ce, "Shi ba za ku san shi ba, Yaya. Ko an matsa muku, ba ku da abin faɗa." Na ce in kai ka faɗi fa? Ya ce ai mutumin ya san abin da zai yi. Kashim, Allah ya jiƙanka, wayonka ya yi mana yawa.

Shekara biyar Rumbu ba ta taɓa mutuwa Kashim ba ya kusa ba. Ta wuce watannin da garin nan ya yi babu wutar lantarki, ta wuce ambaliya. Ranar sadakar uku ta mutu. Gida ya cika, zafi ya yi zafi, aka kawo firiza aro don masu gaisuwa su sha ruwan sanyi, aka nemi soket mai wutar sola. Wani ya shiga ɗakin ajiya ya zare filogin Rumbu ya soka na firiza. Muka sha ruwan sanyi muna sa albarka, ni ma na sha leda biyu. Sai washegari muka lura fankar nan ta daina tari.

Na gaya wa kaina kuskure ne, irin wanda duk mai son kyautata wa baƙi zai iya yi. Ina so in yarda da haka. Amma soket ɗin nan a bayan kabad yake, sai an janye kabad ake kai masa hannu. A jikinsa akwai takarda da Kashim ya manna da Hausa da Kanuri da Turanci cewa kada a cire. Akwai wani soket a tsakar gida, a fili. Kuma sama da wata guda ke nan muna tambaya a hankali, ba da faɗa ba, babu wanda ya ce shi ne.

Bayan kwana biyu wani bawan Allah ya zo da mota mai baƙin gilashi da shadda mai sheƙi. Ya ce daga wata ƙungiyar agaji yake, ya faɗi sunan da Bulama bai taɓa ji ba, ni ma haka. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya ce ya ji injinmu ya mutu, suna da ƙwararru a Abuja, a ba shi ya kai. A lokacin mu huɗu ne kaɗai muka san ya mutu: ni, Alhaji Sa'id, Bulama da Ruƙayyatu. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce ai labari ba ya ɓuya. Na nemi lambar ofishinsu, ya ce zai turo, har yau yana turowa.

Sai kuma makon jiya wani ya kira ni da ɓoyayyiyar lamba. Ya ce, "Mama, ni ne na ukun. Ki faɗo naki huɗun in tabbatar ke ce, sai in faɗi nawa." Na ce ɗana, shekara talatin na yi ina koyar da 'yan firamare, na san muryar mai satar amsa. Ya kashe. Da yamma Alhaji Sa'id ya zo yana huci, shi ma an kira shi da magana iri ɗaya.

Ban ce na san ko su wane ne ba. Wataƙila masu damfara ne irin na da. Wataƙila akwai wanda sunansa ya fito a bakin wata tsohuwa, yana so ya san abin da ta faɗa. A cikin Rumbu akwai matan da suka faɗi wanda ya zo ya tafi da 'ya'yansu, da wanda ya nuna gidan, kuma wasu daga cikin waɗanda aka ambata suna yawo a garin nan suna cin kasuwa. Matan nan sun yi magana ne don Kashim ya yi musu alkawari.

Don haka, iyalan Malam Kashim, yayyena da ƙannena, ina roƙonku. Na san za a zauna rabon gado, kuma ƙarfen nan na Kashim ne, haƙƙinku ne, Malam Liman zai fi ni bayani. Amma abin da ke ciki amana ce ta mutane ɗari huɗu. Duk wanda ya zo muku da son sayen tsohuwar kwamfutar da ko ɗan gwangwan zai yi tsaki kafin ya ɗauka, ku tambayi kanku me ya gani a cikinta. Kada ku ba mai gyara, ko ɗan uwa ne. Ruƙayyatu ƙanwata, kina takaba, ba kya fita, kuma na ji an fara aiko miki mata da daɗin baki. Ki riƙe makullin ɗakin nan a jikinki. In an dame ki, ki ce a zo wurin Salomi, ni ba na jin kunyar kowa.

Yanzu kai, ko ke, mai kalmomi huɗun da suka rage. Kada ka tashi a nan. Kada ka kira ni, kada ka turo saƙo, kada ka gaya wa ko matarka. Duk Asabar bayan la'asar ni da Alhaji Sa'id za mu zauna a zauren gidan nan, Bulama na shaida, masu gaisuwa na shiga suna fita, babu wanda zai ware ka a cikinsu. Ba za mu tambaye ka kalmominka ba, kai ma kada ka tambayi namu. Kowa zai shiga ya rubuta nasa da hannunsa, sauran sun juya baya. In Rumbu ta buɗe, kai ne. In ba ta buɗe ba, Bulama zai so ya ji daga ina kake.

Na san tsoro kake ji, ko kana zarginmu. Ba laifi, Kashim ne ya zaɓe ka, dole ka yi kama da shi. Amma ka dubi tabarmar gaba. Waccan tsohuwa mai farin mayafi Ya Ammatullahi ce. Hoton ɗanta Taufiq guda ɗaya ne ya rage a duniya, kuma yana cikin Rumbu. Duk Juma'a takan zo, Kashim ya faɗaɗa mata shi ya cika gilashin, ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, don idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma yana bin sa. Likita ya gaya wa 'yarta abin da ya rage na ganinta watanni ne. Juma'a biyar ke nan tana zuwa tana tambayata, "Salomi, an kunna?" Ni kuma ina cewa tukuna, Ya. Ɗazu ma da ta sauko daga keke abin da ta fara tambayata ke nan, kafin gaisuwa.

Na gode wa Lawan da Bulama da suka tsaya mana. Na gode wa iyalan marigayi da suka bar ni na yi wannan magana a ƙofar gidansu, na san ba ita kuka zata ba. Na gode wa matan unguwa da suka yi girki, da wanda ya ba da aron firiza, shi ba shi da laifi. Fatiha ta Malam Liman ce, zai karɓa daga hannuna. Ni dai abin da zan roƙa shi ne Allah ya jiƙan Kashim, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alheri kan kowace tsohuwa da ya zauna ya saurara. Allah ya ba Ruƙayyatu da 'ya'yanta haƙuri, ya raya su cikin rufin asiri. Allah ya bayyana mana namu, a raye ko a mace. Allah ya tsare idon Ya Ammatullahi. Mai kalmomi huɗun nan kuma, ya Allah, ka sa yana raye, ka sa yana jina.