Ƙishirwar Ladan

A unguwar Sabo ta Ibadan, Ladan ɗan dako ya sauke huhun goro, ya roƙi ruwa wajen wata tsohuwa mai ƙosai. Ya shanye ƙwarya guda, ya sake miƙa mata, ta ƙara masa.

"Ɗana, wannan ƙishirwa ta zafin rana ce, ko kullum haka kake?"

"Kullum ne, Inna. Ina sha ina zagayawa. Ci kuwa kamar gara, amma dubi yadda na rame."

"In ka zagaya, kiyashi na taruwa a wurin?"

Ladan ya tsaya da ƙwarya a baki. Ko matarsa bai gaya wa wannan ba.

"Yaya aka yi kika sani?"

"Haka maigidana ya yi. Likitan Turawa ya ce zaƙi ne ya yi yawa a jininsa, ya ce masa ya bar zuma da rake, ya kula da ƙafarsa. Sai maigidan nawa ya yi dariya, wai me ya haɗa zuma da ƙafa."

"To, me ya haɗa su?"

"Ƙaya ta soke shi, bai ma ji ba. Gyambon ya ƙi warkewa, shi ya zama ajalinsa. Kai fa, yaushe ka ji wannan ciwo a diddige?"

"Wane ciwo, Inna?"