Inna Ta Tuna Gaɗa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki? Daga Sabon Garin Wudil nake rubutowa. Don Allah a sakaya sunana, kunya nake ji.

Watan da sojoji suka miƙa mulki, likita ya ce jinin Innata ya fara hawa, ta riƙa motsa jiki. Inna ta ce, "Ni da surukai zan kama tsalle-tsalle?" Na tsorata, domin hawan jini ne ya kwantar da yayarta har yau.

Sai na ce, "Inna, koya mini gaɗar da kuke yi a ƙauyenku Achika."

Ta ce, "Ke, tafi can!" Amma da la'asar ta ci ɗamara ta fara tafi. In tana juyi takan lumshe ido, kamar ta koma dandali cikin ƙawayenta. Nakan tsaya ina hangowa a raina duk iyayenmu mata na Wudil suna juyi tare, gumi na zuba, babu mai ciwo.

To, jiya Inna ta ce na iya, koyarwa ta ƙare. Malam, a taimaka mini da shawara: me zan ce ta koya mini kuma?